Hattara da mai tallar mitar "Fluke" ta araha

Assalamu alaikum 'yan uwa masu aikin wuta, masu haɗa sola da masu gyaran waya na Garwa, Marwa, Gidar har zuwa Kuseri. Akwai wani mutum da ke yaɗa hoton ƙaramar mitar gwajin wuta a Facebook da WhatsApp, irin wadda ake sakawa a aljihu, yana cewa Fluke 101 ce 'yar asali. Don Allah kada kowa ya tura masa ko dala.

Cewa yake yi yana Duwala, wai kayan na gwanjon kwastan ne daga tashar jiragen ruwa, kuma saura kaɗan su ƙare. Hoton da yake nunawa na mitar gaskiya ne, ya dai ɗauko shi daga intanet. Sai ya yanka maka farashin da zai sa ka rasa natsuwa, sefa 9,000, ka tura 5,000 ta waya, sauran sai kaya ya iso. Bakinsa da daɗi, "Alhaji" a farko, "ɗan'uwana" a ƙarshe. Da ka tura sai ya dawo da zancen kuɗin motar da za ta ɗauko saƙon. Wasu daga nan lambarsa ta daina shiga ke nan. Wasu kuwa saƙonsu yana isowa, kuma su na fi jin tsoro a kansu, domin wanda bai samu komai ba kuɗi kawai ya rasa.

Wani yaro da ya koyi aiki a hannuna, yanzu yana da shagonsa a unguwar Yelwa, yana cikin waɗanda nasu ya iso. Ya shigo mini da ita jikinsa na rawa, ya ce, "Maigida, duba mini wannan abu, yau saura ƙiris." An kira shi canza soket a wani gida. Ya sa a kashe wutar ɗakin, ya tsoma tsinken mitar cikin soket, ta nuna masa 000. Ashe ba layin ɗakin aka kashe ba. Allah ya sa sukudireban da ya ɗauka don kwance soket ɗin irin mai ƙwan gwaji ne, yana ɗora shi sai ya ga ya kama ja. Wuta bolt 220 tana zaune daram, shi kuma ƙafarsa a kan siminti, silifa kawai ya sa.

Muka yanke baƙar igiyar mitar muka duba. Robar tana da kauri, amma tagullar da ke ciki 'yan silalai ne sirara da za ka iya ƙirgawa da ido, kuma sun tsinke daidai gindin tsinken. Daga waje ba abin da zai nuna maka. A jikin wannan igiya an buga CAT III 1000V ɓaro-ɓaro, wato lambar da ke nuna irin wurin da za a iya aiki da ita da ƙarfin wutar da za ta iya ɗauka. Muka kwance bayan mitar. Inda ya kamata fiyus ya zauna, an ɗiga dalma an haɗe wurin. A ƙasa kuma an manna wani guntun ƙarfe da gam, ba shi da aikin komai sai ƙara nauyi, don in ka ɗaga ta ka ji kamar kayan kirki.

Gane ta ba wuya in ka san ta asalin. Fluke kamfanin Amurka ne, kuma samfurin 101 ramin igiya biyu kawai gare shi, ba ya auna amfiya sam, yana aiki da ƙananan batura AAA guda biyu, shi yake zaɓar mizaninsa da kansa, kuma matsayinsa CAT III bolt 600. Wadda aka aiko wa yaron nan ramuka uku gare ta, ɗaya an rubuta 10A, na auna amfiya, batirinta mai kusurwa huɗu na bolt 9, a kan abin murɗawa akwai 200 da 750, ga kuma ɗan zagayen nan na gwada taransisto. Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san wannan fuska: DT830 ce, ƙaramar mitar nan mai arha, aka sa wa rawayar riga irin ta Fluke.

A nan ina so a fahimce ni. Ban ce DT830 ba ta da amfani ba, yawancinmu da ita muka fara. In an sayar maka da ita da sunanta da kuɗinta, za ta gwada maka batirin rediyo, cajar waya mai bolt 5, ta nuna maka ko waya ta tsinke. Zaluncin shi ne a canza mata suna, a buga mata lambar da za ta sa mutum ya shiga da ita inda ba ta isa ba. Haruffan CAT ɗin nan ba ado ba ne. CAT II na soket ne da kayan da ake jonawa, CAT III na akwatin rarraba wutar gida, CAT IV na mashigar wuta daga waje. Wanda ya gaskata rubutun ƙarya zai ɗauke ta ya je wajen injin niƙa ko mai walda, inda layi uku ke ba da bolt 380 zuwa 400.

Ramin 10A ɗin nan shi ne babban tarko. A cikinsa waya ce mai kauri kawai tsakaninsa da ramin baƙar igiya. In ka gama auna amfiya ka manta jar igiya a nan, sannan ka tsoma cikin soket, ka haɗe layi biyu ke nan da hannunka. Mita ta kirki tana da fiyus na tangaran mai yashi a ciki, wanda zai yanke nan take ya kashe tartsatsin. Wannan kuwa ba abin da zai tsaya tsakanin wutar da fuskarka.

Masu sola, ku ma abin ya shafe ku. Irin waɗannan mitoci in batirinsu ya yi sanyi sai su riƙa ƙara lissafi, kuma batirin da aka aiko ta da shi ya riga ya gaji. Batirin bolt 12 mai ruwa, in ya cika ya huta, yana nuna 12.6 zuwa 12.8, in ya sauka kusa da 12 ya sha rabinsa ko fiye. Mitar yaron nan mun ɗora ta kan batirin da tawa ta ce 11.9, ita ta ce 13 da ɗoriya. Ka ga sai ka je ƙauye ka ce wa mai gida batirinsa lafiya ƙalau, ya shiga zargin fanel, ya sake kashe kuɗin da bai kamata ba, sunanka kuma ya ɓaci a garin.

Duk mitar da za ka saya, a hannun kowa ne, ka riƙe ta kafin kuɗi ya bar aljihunka. Ka tafi da sabon batirin AA, ya kamata ta nuna 1.5 zuwa 1.6. Ka sa ta a gwajin haɗuwar waya, ka haɗa tsinken biyu, kana lanƙwasa igiyoyin daga sama har ƙasa. In lambar tana tsalle ko ƙarar tana yankewa, igiyar ta lalace. In mai auna amfiya ce, ka nemi a kwance maka bayanta ka ga fiyus da idonka. Mai kayan gaskiya ba zai ƙi ba. A wajen aiki kuma, kafin ka yarda da 000, ka fara gwada mitar a soket da ka san yana da wuta, ka gwada wurin aikin, ka sake komawa soket na farko. Da zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, wanda ke haura digiri 40, igiyoyi masu arha ba sa daɗewa a cikin jaka a bayan babur, don haka wannan gwaji na kullum ne.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya goge saƙonnin hirar ko saƙon shaidar turawa. Ya kai su ofishin kamfanin wayar da ya tura kuɗin ta hannunsa, ya kuma shigar da ƙara wajen 'yan sanda ko jandarma, domin mutumin yana canza lamba yana sake fitowa da hoto ɗaya. Wanda kuma tasa ta iso, ya cire igiyoyin ya yanke su, kada yaron shago ya ɗauka ya fita aiki da su.