Tsohuwar Alƙahira a ƙafa, ni da Baba da ɗan jagora namu mu kaɗai

Duk wanda zai je Alƙahira da dattijo, musamman dattijon da ya yi karatun zaure, shawarata ya daure ya ɗauki ɗan jagora nasa shi kaɗai, kada ya shiga ayarin babbar motar 'yan yawon buɗe ido. Ya fi tsada nesa ba kusa ba. Na biya, kuma har yau ban yi da-na-sani ba, duk da akwai abu biyu da suka sosa mini rai, zan zo kansu.

Aikin ido ne ya kai mu Masar, ni na raka Baba daga Katsina. Da likita ya yarda ya fita, bisa sharaɗin ya sa baƙin tabarau, sai na nemi wani ƙaramin kamfani da ke shirya zagayen tsohon birni a ƙafa. Irinsu suna da yawa, abin da mutum zai tabbatar kawai shi ne ɗan jagoran yana da lasisin ma'aikatar yawon buɗe ido da kayan tarihi ta ƙasar. Tun kafin ranar suka turo mini tambayoyi ta WhatsApp: shekarun Baba, nisan da zai iya takawa, harshen da muke so, daga ina muke, me muke son gani. Na ce musu Baba ya haura saba'in, gwiwa tana taɓa shi, Larabcin littafi yake ji, kuma dalar Giza da gawawwakin fir'aunoni ba su dame shi ba. Malamai yake nema. Wurare uku ya lissafa mini da bakinsa: Azhar, masallacin Shehu Dardir, da kabarin Imam Suyuɗi. Amsar da ta dawo ita ta fara kwantar mini da hankali. Suka ce biyun farko ana zuwa a ƙafa, amma Suyuɗi yana can wajen unguwar Sayyida A'isha, ba tafiyar da za a sa dattijo ba ce, sai dai a ware masa mota wata rana. Da wasu ne da sun ce to, su karɓi kuɗi, a je a yi ta kame-kame.

Mun haɗu da ɗan jagoran da hantsi a Babul Futuh, ƙofar arewa ta ganuwar da waziri Badrul Jamali ya gina a 1087. Matashi ne, ya yi digiri a tarihin gine-ginen Musulunci. Abin da ya fara yi shi ne ya rusuna ya gaida Baba, "Ya Shaikh", ya daidaita bakinsa zuwa Larabcin da Baba yake ji, ni kuma yana juyowa yana taƙaita mini da Turanci. Ya zo da 'yar kujerar naɗewa a kafaɗa. Ba mu nema ba, daga maganar gwiwar nan ya ɗauko ta, kuma ita ta ceci tafiyar.

Titin Mu'izz daga wannan ƙofa zuwa Babu Zuwaila kimanin kilomita ɗaya ne, amma sai da muka ci wuni a cikinsa da lungunan gefensa. Sunan halifan Faɗimiyyawa ne wanda kwamandansa Jauhar ya kafa masa birnin a 969. Masallacin Hakim da aka kammala a 1013 da ƙaramin masallacin Aƙmar na 1125 mun wuce su da sauri, domin ɗan jagoran ya lura hankalin Baba ba ya kansu. Inda Baba ya ja birki shi ne wani siririn gini da ya raba titin biyu, na Abdurrahman Katkhuda, na 1744. Ƙasa wurin shayar da masu wucewa ruwa ne kyauta, ta tagogi masu ragar tagulla, sama kuma makarantar allo ce ta yara. Baba ya daɗe yana ɗaga kai yana kallon barandar saman, sannan ya ce mini, "Mamana, kin ga sadaka mai gudana iri biyu a rufi ɗaya." Ɗan jagoran bai katse shi da bayani ba. Ya buɗe kujerar, ya tsaya gefe har Baba ya gama.

Daga nan muka shiga ginin Sarki Ƙalawun, wanda aka yi tsakanin 1284 da 1285: makaranta, ƙubbar da kabarinsa yake, da asibiti. Ƙubbar ita ce wurin da ya fi kyau a duk abin da na gani ran nan. Ana shiga ta wani dogon soro mai duhu, sai kawai mutum ya tsinci kansa ƙarƙashin rufi mai tsayin gaske, manyan ginshiƙai na jan dutse, bango an yi masa ado da ƙananan yankan marmara da ɓawon lu'ulu'u, hasken rana yana saukowa ta gilasai masu launi. Amma ɗan jagoran, da yake ya san abin da ya kawo mu ƙasar, sai ya ba asibitin lokaci fiye da ƙubbar. Ya ce Ƙalawun ya taɓa yin jinya a asibitin Nuruddin da ke Dimashƙa tun bai hau mulki ba, ya yi alwashin gina irinsa. Wannan kuwa kyauta ake duba kowa, ɗa da bawa, mace da namiji, da ɓangare daban na zazzaɓi da na ido da na taɓin hankali, dukiyar waƙafi ke riƙe da shi. Yawancin tsohon ginin ya rushe, saura kango da wasu ɗakuna. Sai ya nuna mana wani gini na zamani a cikin harabar: asibitin ido ne, yana aiki har yanzu, da sunan Ƙalawun ɗin. Ga Baba tsaye da tabaransa, idonsa bai gama warkewa ba. Ya yi wa sarkin addu'a mai tsawo, muka shafa.

Tikiti ɗaya ne ya shigar da mu yawancin gine-ginen titin, har da makarantar Sarki Barƙuƙ da ke kusa, inda aka karantar da mazhabobi huɗu. A nan ne ƙorafina na farko. Kuɗin tikiti ba ya cikin abin da na biya kamfanin, kuma ba su fito fili sun faɗa ba, sai a bakin taga na ji. Ba yawan kuɗin ne ya dame ni ba, rashin faɗar ne. Kuma da kati ake biya, don haka kada mutum ya dogara da tsabar kuɗi kaɗai.

Ɗan jagoran ya tsara tafiyar yadda kiran azahar zai same mu a ƙofar Azhar, kuma haka aka yi. An fara ginin a 970, aka yi sallar Juma'a ta farko a 972. Bayan Salahuddin ya kawar da Faɗimiyyawa a 1171, kusan shekara ɗari ba a yi Juma'a a cikinsa ba, sai zamanin Sarki Baibars aka dawo da ita. Wannan duk wani ɗan jagora zai faɗa. Abin da ba kowa zai faɗa ba shi ne wanda ya tanado mana saboda na rubuta Katsina a amsata. Bayan sallah ya zaunar da mu a inuwa, gefen farfajiyar farin marmara, ya ba mu labarin masaukan ɗalibai da masallacin ya yi a da, kowace nahiya da nata, da abincinta daga waƙafi: na Magaribawa, na Turkawa, na mutanen Jawa, har da na Barebari, wanda ake kira da sunan Barno. Sannan ya kawo Muhammad al-Kashnawi, Bafulatanin Katsina, masanin hisabi da taurari da hatimi, wanda ya sauka a Alƙahira bayan aikin hajji, ya zauna a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin sanannen marubucin tarihin Masar, har ya rasu a can a 1741. Ya kuma ambaci wasiƙar nasiha da Suyuɗi ya aika wa sarakunan Takrur, wato ƙasashenmu na Afirka ta Yamma, inda ya kira sunan Sarkin Katsina Ibrahim da na Agadas.

Baba ya san maganar wasiƙar tun daga bakin malamansa, sai hira ta juya. Shi ya koma yana ba ɗan jagoran labarin yadda ake jan Jalalaini, tafsirin da Suyuɗi yake cikin mutum biyun da suka rubuta shi, a garuruwanmu duk azumi, mai jan baƙi yana karanto aya, malam yana fassarawa da Hausa, da yadda ɗalibi yake hawa daga Ahalari zuwa Ishmawi da Iziyya da Risala kafin ya kai Muhtasar. Yaron nan ya fito da waya yana rubutawa. Ya ce bai taɓa sanin littattafan Misirawa irin Ishmawi da Iziyya suna raye haka a wani wuri ba. A ayarin mutum talatin da ɗan jagora mai ɗaga tuta, ina za a samu sararin wannan? Ni a wurina wannan zaman na farfajiyar Azhar shi kaɗai ya fanshi kuɗina.

Masallacin Shehu Ahmad Dardir yana bayan Azhar, cikin lunguna masu ƙunci da shagunan littattafai da masu ɗinkin bango. Da mu kaɗai ne da wuya mu gano shi, domin ƙarami ne, ba ya kan hanyar baƙi. Dardir ya rasu a 1786, shi ne shugaban Malikawa a zamaninsa, mai Aƙrabul Masalik da babban sharhin Muhtasar, waɗanda Baba ya shekara da shekaru yana karantarwa a zaurenmu. Ɗan jagoran ya ƙara mana da abin da ba ya cikin littattafan fiƙihun: a shekarar rasuwarsa, da wani daga cikin manyan Mamalik, sojojin da ke riƙe da Masar a ƙarƙashin Turkawa a lokacin, ya wawashe gida a unguwar Husainiyya, mutanen unguwar wajen Dardir suka kai kuka a Azhar, ya ce yana tare da su, aka rufe kasuwanni, har sai da masu mulkin suka aiko suna neman sulhu. A ƙofar masallacin sai ya ce mana zai jira a waje, mu ɗauki duk lokacin da muke so. Na yaba wannan ƙwarai. Ya san inda aikinsa ya tsaya.

Abincin rana ma ya tambaya kafin ya zaɓa. Na ce Baba ba ya son maiƙo, sai ya kai mu wani ƙaramin wuri da ma'aikatan unguwar ke ci, aka kawo wake dafaffe da gurasa mai zafi da ta'amiyya, irin ƙosai ne amma na wani irin wake da ake niƙawa da ganye, cikinsa kore shar. Ni na ci kushari, shinkafa da taliya da adas (wani ɗan ƙaramin wake) da soyayyar albasa. Muka bi da zoɓo mai sanyi.

Ƙorafina na biyu ya fi na farko nauyi. Da muka ratsa gefen kasuwar Khan al-Khalili, sai ya ce bari mu huta a shagon wani abokinsa mai turare. Aka kawo shayi, aka fara shafa mana turare a bayan hannu, kwalba bayan kwalba. Ni na san la'ada idan na gan ta. Ba wanda ya tilasta mana, amma Baba mutum ne mai kunya, ya sha shayin mutum ba zai fita hannu rabbana ba, ya sayi almiski a farashin da na tabbata ya wuce kima. Na ce da shi a hankali, "Baba, da kun bari mun taya a wani wuri," ya ce in bar shi. Mun biya kuɗi mai kauri ne don a tsara mana tafiya yadda muke so, shagon turare kuwa ba ya cikin abin da muka nema. Daga baya na rubuta wa kamfanin, suka ba da haƙuri. Wanda zai je ya faɗa tun a saƙon farko cewa ba ya son a kai shi kowane shago.

Kashin ƙarshe na titin, daga gine-ginen Sarki Ghuri zuwa kudu, kasuwa ce sosai: atamfofi da zannuwan gado a rataye, masu babur suna kutsawa, masu tura kaya suna ihu. A nan ɗan jagoran ya koma ɓangaren titi ya sa Baba a jikin bango, hannunsa ɗaya a miƙe yana tare masa mutane. Mun isa Babu Zuwaila, ta 1092, bayan la'asar. A wannan ƙofa Turkawa suka rataye Tumanbay, sarkin Mamalik na ƙarshe, a 1517. Hasumiyoyi biyu da ke kanta na masallacin Mu'ayyad Shaikh ne, wanda aka taɓa ɗaure shi a kurkukun da ke wurin, ya yi bakance idan ya fita ya samu mulki zai mayar da shi masallaci, ya kuma cika. Baba ya zauna a kujerarsa a ƙasa tare da ɗan jagoran, ni na hau. Matakalar tana da ƙunci da duhu, can sama kuma sai ƙarfe siriri, mai jiri kada ya gwada. Daga sama ana ganin hasumiyoyi ta ko'ina har zuwa ganuwar Salahuddin a kan tudu.

Tsallaken ƙofar akwai rufaffiyar kasuwar masu ɗinkin tanti, inda ake yanka ƙyalle kala-kala ana liƙa shi da allura a hannu. A nan na yi sayayyata da kaina, na taya, aka yi albarka, aka daidaita, ɗan jagoran bai sa baki ba sai da na nemi ya fassara.

Wanda yake da ƙarfin ƙafa, yana jin Larabcin titi, kuma hoto kawai yake so, zai iya bin titin nan shi kaɗai da taswirar waya, ya ajiye kuɗinsa. Mai tafiya da dattijo ko da wata buƙata ta musamman shi ne zai ci moriyar irin wannan tsari. A je da takalmi mai sauƙin cirewa, da safa saboda marmarar farfajiya tana zafi da rana, a kuma guji ranar Juma'a idan ana son shiga wurare a natse. Banɗakin masallatan ba duka ke da tsabta ba, gara a fito da alwala daga masauki. Ziyarar Suyuɗi kuwa, shi ɗin dai muka sake nema ya kai mu da mota kafin mu taso, na kuma gaya masa tun a waya cewa babu tsayawa a shago.