Zanen rigar Super Eagles a farce: wani shago a Barnawa ya iya zane, saura busarwa

Da zarar gasar cin kofin Afirka ta ƙarato, masu gyaran farce a Kaduna kan fito da zanen rigar ƙwallo. Akwai wani ɗan shago a Barnawa, mai kujeru uku, da ya ɗauki aikin da muhimmanci. Hannunsu a zane babu laifi ko kaɗan. Inda za ki sa ido shi ne wajen busarwa da wajen cirewa.

Zane uku suke yi. Mafi sauƙi shi ne tuta, kore fari kore a tsaye, kuma shi ne ya fi yin kyau a gajeren farce. Sai lambar ɗan wasa a babban yatsa, yawanci 7 ta Ahmed Musa. Na uku, wanda aka fi nema, shi ne rigar da Nike ta yi wa Najeriya don gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha, wadda Musa ya sanya ranar da ya zuba wa Aisland ƙwallo biyu. Jikinta fari ne da kore mai haske, an jera zane mai siffar V kamar gashin fiffike, hannayenta kuma baƙi da fari, salon da aka ɗauko daga rigar 1994. Shagon yakan yi koren a yatsu huɗu, baƙi da farin a yatsan zobe. Wannan dabara ce mai kyau, don idan aka cika yatsu goma da zane iri ɗaya ido yakan gaji.

Koren da suke haɗawa ya dace. Wurare da yawa suna ɗauko koren tuta mai duhu su yi wannan zanen da shi, sai ya fito wani abu dabam. Nan suna cakuɗa kore da ɗan ɗigon rawaya da fari a kan faranti kafin su fara.

Aikin da jel ake yin sa, wato wani irin jan farce da ba ya bushewa sai an haska shi da fitila ta musamman. Ana tura fatar gindin farce baya, a ɗan goge saman farcen don kashe sheƙinsa, a share da sifirit saboda maiƙo. Sai shafin ƙasa, sannan fari sau biyu, kowane shafi siriri, kowanne kuma a sa hannu cikin fitilar busarwa na sakan 60. Bayan haka ake ja layukan da siririn buroshi, jeri uku a farce matsakaici, ana ɗan haska kowane jeri na kamar sakan 10 don kada koren ya malala cikin na kusa da shi. Daga ƙarshe a shafa mai sheƙi, a bi bakin farcen da shi a rufe. Duka yana cin kusan awa biyu. Idan faratanki ba su wuce tsokar yatsa ba, jeri uku ba za su samu wuri ba, zanen sai ya cunkushe. Ki nemi jeri biyu ko ki koma tuta.

To, ga inda gizo ke saƙa. Farin jel yana da kaurin launi, haske ba ya ratsa shi da sauƙi. Ranar wasa, idan mata sun yi layi, ma'aikatan sukan lafta shi sau ɗaya da kauri don su rage lokaci. Sama ya bushe, ƙasa yana ɗanye, kwana biyu sai ki ga ya yamutse ko ya ɗaga daga gefe. Haka kuma idan an ɗauke wuta sukan koma kan fitila mai caji, wadda haskenta ke raguwa in cajin ya yi ƙasa. Ɗanyen jel ba muni kawai yake jawowa ba. Yawan taɓa fata da yake yi na iya haddasa ƙaiƙayi da ƙuraje a gefen yatsu, kuma wanda jikinsa ya fara ƙin sa da wuya ya daina. Ki ce a busar da manyan yatsu su kaɗai, domin idan an sa hannu duka, babban yatsa kan karkata gefe, haske bai same shi sosai ba. Duk jel ɗin da ya hau fata a goge shi kafin a haska.

Maganar alwala ita ke raba gardama ga mafi yawan mata a nan. Jel da jan farce suna hana ruwa isa ga farce, jel kuma yana yin mako biyu zuwa uku, ya zarce kwanakin al'ada da mace ba ta sallah. Lalle ba ya hana ruwa, amma lalle ba ya ba da kore. Saboda haka abin da ya fi dacewa a saya a shagon nan shi ne farcen roba da aka riga aka zana. Suna auna yatsunki, su yi zanen a kan robar, ki dawo ki karɓa. Za su tambaye ki, “Hajiya, gam ko sitika?” Ki ce sitika. Ita ce 'yar takarda mai danƙo gaba da baya, tana riƙe farcen yini ɗaya ko biyu, ruwan ɗumi na fitar da ita cikin 'yan mintuna, kuma robar ba ta lalacewa, za ki iya sake liƙa ta a wasa na gaba. Gam yakan kai mako ɗaya ko fiye. Wani amfanin kuma, da yake ba a hannunki aka busar da jel ɗin ba, kuma ba cikin gaggawa ba, zanen robar ya fi fita tsaf.

Idan farcen da aka liƙa da gam ya ɗaga, kada ki ƙara gam a kai. Ruwa yakan maƙale a ƙarƙashi, ƙwayar cuta ta samu wurin zama, ta bar tabo kore a ainihin farcenki. Da yake kwalliyar ma kore ce, ba kasafai ake lura da wuri ba. A cire, a bar farcen ya sha iska ya bushe. In akwai zafi ko kumburi a je asibiti.

Farin yana saurin ɗaukar launi. Manja, kori da kurkur duk suna mayar da shi rawaya, don haka mai shiga kicin ta sa safar hannu. Da hunturu kuma a riƙa shafa man kaɗe a gindin farce, sai dai ban da ranar da za a je shagon, don maiƙo na hana jel kamawa.

Cirewa ce ta fi rauni a aikinsu. Ƙa'ida ita ce a goge sheƙin sama, a ɗora auduga mai asiton, wato ruwan da ke narkar da jel, a naɗe da takardar alminiyom minti 10 zuwa 15, jel ɗin ya saki da kansa. Ma'aikatan shagon sukan buɗe tun bai yi laushi ba su hau kankara da ƙarfe, abin da ke sa farce ya yi siriri yana ɓarewa. Idan kika ga ana dannawa da ƙarfi, ki ce a mayar da audugar a ƙara minti biyar. Kuɗin cirewa dabam yake da na zane, gara ki tambaya tun kafin ki zauna, kuma ki je kwana biyu kafin wasa, da safe.