IPS ko VA: wacce ta fi ɓoye yoyon haske?

Wa alaikumus salam, Malam. Cikin monita biyun nan masu inci 27 da ka turo hotonsu kana tambayar wacce za ka ɗauka, IPS da VA (nau'o'in allon LCD ne guda biyu), tunda sai bayan isha'i kake zama kuma fitilar ɗaki a kashe, ɗauki VA, mai shimfiɗaɗɗen allo ba mai lanƙwasa ba. Sai dai sunan allo kaɗai ba ya raba mutum da yoyon haske, wato hasken da ke leƙowa daga gefen allo in hoton baƙi ne, don haka ka bi ni a hankali.

Allon LCD ba shi da hasken kansa. Fitilun LED ne ke haska shi daga baya, kuma a yawancin monitocin da muke saya a jere suke a gefe guda, galibi ta ƙasa, sai wani faifan roba ya kwashi hasken ya baza shi ko'ina. A gabansa akwai ruwan kiristal tsakanin gilashi biyu, aikinsa irin na labule: in ya buɗe haske ya wuce, in ya rufe a ga baƙi. Fitilun kuwa a kunne suke ko da hoton baƙi ne ƙirin. To duk inda firam ya matse gilashin fiye da kima, ko ya bar 'yar kafa, labulen wurin ba ya rufuwa ruf, sai ka ga haske ya leƙo daga gefe kamar an haska tocila ta ƙarƙashin ƙofa. Wannan matsalar haɗawa ce a masana'anta. Monita biyu masu lamba ɗaya, daga shago ɗaya, sai ka tarar ɗaya tas, ɗaya da tabo a kusurwa.

Inda VA ta yi zarra shi ne ƙarfin labulen. Tazarar fari da baƙi a IPS ta gama-gari wajen 1000:1 ce, wato farin ya ninka baƙin haske sau dubu, ta VA kuwa wajen 3000:1. Ka saita su duka a nit 120 (nit ma'aunin ƙarfin hasken allo ne), wanda ya isa aikin dare: baƙin IPS zai tsaya kusan 0.12, na VA kusan 0.04. Hasken da ke tsallake labulen ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku ke nan. VA ce a teburina, kuma inda nake jin daɗinta shi ne lokacin da ake nuna sallar dare kai tsaye daga Harami. Rigar Ka'aba tana fitowa baƙa wuluk a tsakiyar farin marmara, zaren zinariyar yana ɗaukar ido, kusurwoyin allon kuma shiru, babu toka-toka. Baƙaƙen layukan nan na sama da ƙasan fim ma narkewa suke cikin duhun ɗaki.

Tana da nata aibin, ba zan ɓoye maka ba. Ɗigonta, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto a allo, yana da nawa wajen tashi daga baƙi zuwa toka, don haka in kana jan farin rubutu a kan baƙin shafi za ka ga yana ɗan jan jela. Mai wasan gudu da harbi zai lura da shi sosai, mai karatu da kallo ba zai dame shi ba. Launi kuma yana ɗan kodewa in ka kalle ta a karkace. Mai lanƙwasa da na ce ka bari, gilashinta a tanƙware yake cikin firam, an fi ganin tsirin haske a gefenta na sama da na ƙasa.

IPS dai launinta ya fi tsayawa ta kowane gefe, in zanen allunan talla kake yi da rana tsaka za ta yi maka. Da dare kuwa kaya biyu take ɗora maka: yoyon, da wani ƙyalli nata na gado, mai kama da azurfa ko ruwan ɗorawa a kusurwoyi. Akwai sabon samfurin IPS Black da ke kai 2000:1 ko fiye, amma kuɗinsa ya wuce na waɗanda ka nuna.

Mutane da yawa suna haɗa ƙyallin da yoyo, har su mayar da lafiyayyar monita. Ga yadda ake rabewa. Ka bar ta a kunne kamar minti 30 ta ɗumama. Ka kashe fitila, ka rage ƙarfin haske zuwa kashi 30 ko 40 cikin 100, ka buɗe baƙin hoto ya cika allon. Ka ja baya kamar mita 2, idonka daidai tsakiyar allo, sannan ka motsa kai dama da hagu. Wanda ya dusashe ko ya bi ka, ƙyalli ne, halin allon ne, canji ba ya maganinsa. Wanda ya tsaya cak a wurinsa, shi ne yoyo. In kuma dabbare-dabbare ka gani a tsakiya kamar gajimare, faifan baza hasken ne bai kwanta daidai ba, ko an danne allon a hanya. Kada ka yanke hukunci da hoton waya, don kyamara tana daɗe da buɗe ido a duhu, sai ta mai da ɗan tabo ya zama gobara. Idonka ne alƙali.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa, musamman 'yan kwance na haraj, wato kasuwar gwanjo ta nan Saudiyya, da masu tallar intanet. Za a kunna maka bidiyon furanni da tsuntsaye a ƙarƙashin fitilun shago, inda babu yoyon da zai nuna. Wani kayan da aka dawo da shi ne, a sake liƙe kwalin a ce sabo fil. Ka je da baƙin hoto a filas, ka lulluɓa wa kanka da allon shimagi (mayafin kai na Larabawa) ko bargo ka duba. Wanda ya hana ka gwaji, ka bar masa kayansa. Wanda ya ce "zai baje da kansa in ta sha aiki", ka ce ya rubuta a fatura, wato rasit, cewa zai karɓa in bai baje ba. Ka gwada lambar jikin kwali da ta bayan monita. Garantin shekara 2 da doka ta tanada a kan kayan lantarki a nan Saudiyya yana nan, amma kamfanoni kan ɗauki ɗan yoyo a matsayin halin LCD, ba lalacewa ba, don haka sharaɗin mayarwa na shagon ya fi yi maka amfani. Dokar cinikin intanet ta ba da kwana 7 na mayar da kaya, matuƙar ba a yi amfani da kayan ba, sai ka tambaya tun kafin biya ko buɗe kwali da gwaji yana soke haƙƙin. In aka ƙi mutunta abin da ke rubuce, lambar ƙorafi ta Ma'aikatar Kasuwanci 1900 ce.

Wajen ɗauko ta gida, a tsaye za ta zauna cikin kwalinta, kada a kwantar a ɗora mata kaya, kada kuma ta wuni a but ɗin mota cikin zafin Jidda. A ɗaga ta ta wuyan ƙafarta, ba ta gefen gilashi ba. In za ka rataye ta a hannun ƙarfen da ake ɗaura wa tebur, sukurori huɗu ne masu lambar girma M4, galibi masu tsawon milimita 10. Wanda ya fi haka tsawo zai tokari cikin, ɗaurewa da ƙarfi kuma tana murɗe firam. Da zarar sukuru ya kama, ka tsaya.

In ta zo da ɗan tabo kaɗan wanda ba ya fitowa sai a baƙin hoto, ka riƙe ta. Rage haske, ka sa ƙaramar fitila fara mai 6500K, wato fari irin na hasken rana, a bayanta tana haska bango, idonka zai daina ganin tabon. Shafa wurin a hankali da ƙyalle mai laushi yakan ɗan sassauta matsin, amma banda dannawa da yatsa, banda kwance bayanta, don garanti zai tafi. In kuwa tabon yana leƙowa a kan fim ko shafin aiki daga inda kake zama, ka mayar da ita cikin kwalinta da faturarka tun kwanakin ba su cika ba.