Kafin ka zaɓi asibitin tiyata: wane lissafin mace-mace za ka yarda da shi?

Idan za a yi wa wani naka tiyata kuma kana da zaɓin asibitoci biyu ko uku, dole ka so sanin inda aka fi rasa rai. Sai dai ma'aunan ba ɗaya ba ne.

Mafi sauƙin samu shi ne lissafin kai-tsaye: nawa aka kwantar, nawa suka rasu. Shi ne kuma mafi rauni. Asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika shi ake turo wa waɗanda ƙananan asibitoci suka kasa, wasu ma ana isowa da su rai a hannun Allah. Dole adadinsa ya yi yawa. Ƙaramin asibitin kuɗi kuwa, da ciwo ya yi tsanani sai a rubuta takarda a tura majinyaci gaba, ko 'yan'uwa su ɗauke shi ya cika a gida. Littafinsu fes.

A Ingila akwai ma'aunin HSMR, mai kwatanta waɗanda suka rasu da adadin da ake tsammani, bisa shekarunsu, irin cutar da sauran larurorin da suke ɗauke da su. Maki 100 shi ne daidai, abin da ya haura alamar tambaya ce. Shi ya fara jawo hankali kan asibitin Stafford, wanda rahoton binciken da lauya Robert Francis ya jagoranta ya tona sakacinsa a 2013. Amma ana iya yi masa wayo: a yawaita rubuta cewa majinyata na karɓar kulawar ƙarshen rayuwa, sai adadin da ake tsammanin za su rasu ya ƙaru, makin kuma ya sauka. Wani ma'aunin na Ingila mai suna SHMI, da aka fara a 2011, ya fi wuyar murɗawa, domin yana ƙirga har wanda ya rasu cikin kwana 30 bayan sallama.

A ganina, wanda ya fi yi maka amfani shi ne lissafin ainihin tiyatar da za a yi. Jihar New York ta Amurka tana wallafa sakamakon tiyatar zuciya asibiti-asibiti tun farkon shekarun 1990. A wurinmu sai ka tambaya da bakinka: "Likita, irin wannan aikin nawa kuka yi bara, nawa ne suka rasu kafin a cika wata guda?" Ka lura da yawan aikin. In guda 10 ne kawai, mutuwa ɗaya ta zama kashi 10 cikin 100, kuma hakan bai nuna komai ba. Sannan ka tambayi ko akwai ɗakin kulawa ta musamman, da jini a ajiye, da wanda zai duba majinyaci idan jikinsa ya rikice da tsakar dare.