Kasuwar Steam ga sabon shiga: inda riba take da inda take zurarewa

Matasa da dama a Sakkwato, daga masu zama shagunan gem na Mabera har ɗaliban Jami'ar Danfodiyo, suna jin labarin ana sayar da bindigar cikin wasa kan dubban daloli, sai su ɗauka kuɗi ne zube a ƙasa. Ɗaya daga cikin manyan kasuwannin wannan ciniki ita ce Community Market ta Steam, manhajar sayen wasannin kwamfuta, kasuwar da kamfanin Valve na Amurka ya buɗe a Disambar 2012. Abin da na gani bayan amfani da ita shi ne, kasuwa ce mai amana, idan ka biya za a ba ka kayanka nan take, amma la'adarta tana da nauyi, kuma kuɗin da ya shiga cikinta ba shi da ƙofar fita.

Kayan da suka fi tafiya su ne na wasan Counter-Strike 2: fentin bindigogi da wuƙaƙe da safar hannu, wanda 'yan wasa ke kira sikin, sai sitika da akwatunan da ake buɗewa da makulli a samu sikin bisa sa'a. An fara sikin ne a watan Agustan 2013. Ba ya ƙara wa bindiga ƙarfi ko saiti, ado ne kawai, kamar aikin wuyan babbar riga. Akwai kuma kayan Dota 2 da Team Fortress 2 da katunan wasanni.

Ba ranar da ka buɗe asusu za ka fara ciniki ba. Sai ka kashe aƙalla dala 5 a Steam kafin a cire maka takunkumin sabon asusu, kuma sai tsaron Steam Guard ya yi kwana 15 a kunne. Ka sauke manhajar Steam a waya ka kunna mai ba da lambar tsaro tun ranar farko, domin sai ya cika kwana 7 ake daina riƙe maka kaya. Wanda ba shi da shi, duk abin da ya kasa ana iya riƙe shi har kwana 15 kafin ya bayyana a kasuwa, kafin nan farashi ya canza. Wannan ya shafe mu sosai a nan, inda ake yawan sauya waya ko a kai ta gyara a goge komai. Idan ka cire lambar tsaron, kwana 15 ne ba saye ba sayarwa. Ka rubuta lambar ceto mai farawa da harafin R a takarda ka adana, kuma idan za ka canza waya ka bi hanyar mayar da tsaron zuwa sabuwar, kada ka cire shi. Farashi da dala ake nuna mana, saboda haka ka tabbatar katinka yana biya a waje, ka kuma lissafa canjin da aka yi maka cikin uwar kuɗinka.

La'adar ce ke kayar da yawancin sababbi. Steam na karɓar kashi 5 cikin ɗari, mai wasan kuma na karɓar kashi 10, jimla 15, kuma a kan abin da mai sayarwa zai karɓa ake ɗora ta. Idan mai saye ya biya dala 11 da santi 50, kai dala 10 cif za ta shigo maka. To ka duba: ka sayi sikin dala 10 da rabi, ya tashi zuwa 11 da rabi, kana murna ka ci dala guda, alhali ka faɗi da santi 50. Sai da ka same shi a dala 9 ne za ka ci dala ɗaya. Ƙa'idar da zan ba kowa ita ce ya ninka kuɗin da ya saya da 1.15, abin da ya fito nan ne uwar kuɗi ta dawo, riba sai sama da haka. A ƙananan kaya abin ya fi muni, domin kowace la'ada ba ta kasa santi ɗaya. Kati mafi arha santi 3 ne, santi 1 kake karɓa, biyu sun tafi. Ko dillalin kasuwar Kara bai taɓa yanka irin wannan ba.

Abin da ya fi burge ni a kasuwar shi ne odar saye. A shafin kowane kaya akwai layi biyu: masu sayarwa da farashinsu, masu tayi da nasu. Maimakon ka danna ka saya a farashin da aka kasa, sai ka rubuta nawa za ka biya da guda nawa kake so, ka tafi harkarka. Duk wanda ya matsu ya sallama a farashinka, kayan zai faɗo maka, kuma sai a lokacin ake cire kuɗin. Wanda ya fi tayi mai tsoka shi ake fara ba wa, idan tayi ya zo ɗaya wanda ya riga sa oda ne gaba, shi ya sa ƙarin santi ɗaya tak kan mai da mutum farkon layi. An yarda jimlar odojinka ta kai ninki goma na abin da ke asusunka. Da dala 10 kana iya baza odar dala 100 a kan kaya daban-daban, sai dai idan wata ta faɗo babu kuɗin biyanta, za a soke ta. Ribar sabon shiga tana cikin tazarar da ke tsakanin tayi mafi girma da farashin sayarwa mafi ƙasa. Idan tazarar ba ta haura kashi 15 ba, wuce kawai.

Amma tazara mai faɗi ma tana da tarko. Sau da yawa ta yi faɗi ne don babu mai neman kayan. Ƙarƙashin hoton akwai zanen farashi na mako da na wata da na tun fitowar kayan, akwai kuma adadin da aka sayar cikin awa 24. Abin da ake sayar da guda biyu ko uku a rana, ko ka same shi da arha zai iya yi maka kwantai na wata guda. Na fi son wanda ake sayar da ɗaruruwa a rana ko da ribar santi goma ce. Kada tsinin da ya harba sama sau ɗaya a zanen ya ruɗe ka, galibi wani ne ya sayi guda mai wata siffa ta musamman, naka ba zai kai can ba. Ka kuma karanta ranar da aka rubuta a jikin kayan bayan ka saya, domin kayan Counter-Strike 2 na zuwa da kullen kwana 7 kafin a iya miƙa su ga wani.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan siffofi ita ce lambar tsufa da kowane sikin ke ɗauke da ita, daga 0 zuwa 1, kuma ba ta canzawa komai daɗewar amfani. Ƙasa da 0.07 shi ne Factory New, zuwa 0.15 Minimal Wear, zuwa 0.38 Field-Tested, zuwa 0.45 Well-Worn, abin da ya haura nan Battle-Scarred. Field-Tested na da faɗi: mai 0.16 fes yake kamar sabo, mai 0.37 duk ya kankare a wajen mariƙi da bakin bindiga, amma sunansu ɗaya a kasuwa. Odar saye ba ta zaɓa maka, abin da aka jefo shi za ka karɓa, kuma mutane sun fi jefo marar kyau.

Buɗe akwati kuwa, ba na ba kowa shawararsa ko da wasa. Makulli dala 2.49 ne ban da kuɗin akwatin, kuma alƙaluman da aka wallafa a Sin a 2017 sun nuna kusan kashi 80 cikin ɗari kayan ajin shuɗi ne mafi arha ke fitowa, na ajin ja masu tsada kashi 0.64, wuƙa ko safar hannu kashi 0.26, wato kamar sau ɗaya cikin 385. Ka biya kuɗi kan abin da ba ka san me zai fito ba, ko ba a kira malami ba ka san sunansa caca. Sayen akwatin a rufe a ajiye wani abu ne daban ta fuskar lissafi, ya yi kama da mai zuba albasa a rudu yana jiran ta yi tsada, domin kullum ana buɗewa adadin na raguwa idan an daina rabon irinsa. Duk da haka mai tsantseni ya san me wanda zai saya daga hannunsa zai yi da shi. Wanda ke buga wasan kuma yana da Prime, matsayin da ake saya a wasan kan dala 14.99, yana zaɓar kyauta biyu cikin huɗu kowane mako idan ya hau mataki, ya sayar ya tara jari. Sai dai wasan na neman wajen giga 85 a kwamfuta, ga data ga wuta ga zafin watan Afrilu da ke sa laftof shaƙewa. Ciniki kansa ba ya buƙatar ka sauke wasan, waya ta isa.

Babban aibin wannan kasuwa, mai ita shi ne mai buga kayan, shi ne kuma mai kafa doka. A Oktoban 2019 Valve ya hana 'yan wasa sake sayar da sababbin makullai a kasuwa saboda 'yan damfara na wanke kuɗi da su. A Oktoban 2025 ya ba da damar haɗa jajayen kaya biyar a musanya su da wuƙa ko safar hannu, cikin dare ɗaya farashin wuƙaƙe ya rikito, jajayen da ba a kulawa da su suka yi tashin gwauron zabo. Babu sanarwa kafin nan, babu diyya bayan nan. Don haka kuɗin makaranta ko na adashi ko jarin shagon mahaifi ba su da hurumi a nan. Akwai faɗuwar da ake iya hangowa, kamar lokacin rangwamen Steam na ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, sa'ad da mutane ke zubar da kaya don su sayi wasanni. Lokacin saye ke nan ga mai haƙuri.

Sai maganar fitar da kuɗi. Duk abin da ka sayar, cikin asusun Steam yake zama, iyakarsa dala 2,000, ba a tura shi banki, ba a cire shi a POS. Wasa za ka saya da shi ko wani kayan. Mai son naira a hannu dole ya fita zuwa shafukan waje ko ya yi musaya da mutum, kuma a can ake yanka sababbi. Farashin waje yawanci ƙasa yake da na Steam, saboda haka dala 100 ta cikin asusu ba dala 100 ba ce a aljihu. Tun Yulin 2025 an sa kariyar kwana 7 a musayar kayan Counter-Strike 2, wanda ya ba da kaya yana iya janye musayar cikin wannan lokaci, a hukunta shi da kullen kwana 30. Kariyar na ceton wanda aka sace wa asusu, amma idan kai ne ka tura naira aka ba ka sikin, mai shi na iya janye abinsa kuɗinka kuma ya tafi. Mai turo maka mahaɗi ya ce ka shiga ka zaɓi ƙungiyarsa a gasa, da mai cewa shi ma'aikacin Steam ne an kai ƙararka bisa kuskure, duk ɓarayi ne, ma'aikatan Valve ba sa neman kayanka ko lambar tsaronka. Kafin ka tabbatar da kowace musaya a waya, ka buɗe shafin mutumin ka duba ranar da ya buɗe asusu da matakinsa, domin suna da hoto ana kwafe su cikin minti guda, ranar buɗe asusu kuwa ba ta kwafuwa.