Ɗakin makaranta, gidan yawa ko fulat na haɗaka: shawara ga ɗalibin da ya ƙetaro iyaka zuwa Kaduna

Duk lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai wayata ba ta hutawa. Ƙannen abokai daga Maraɗi, 'ya'yan maƙwabta daga Damagaram, har da wani yaro daga Garwa ta Kamaru da ban san inda ya samo lambata ba, duk tambayar ɗaya ce: "Yaya, a ina zan zauna?" Na gaji da maimaita amsa a saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ni ma ta Jibiya na shigo, na sauka a tashar Kawo da jaka ɗaya da katifa a naɗe, kuma sai da na canza gida sau uku kafin na san inda ke yi mini ciwo.

Ɗakin kwanan makaranta ya fi komai araha, idan ka samu. Matsalarsa gare mu baƙi ita ce ranar da aka ce kowa ya tafi gida. Ɗan Zariya zai hau mota ya isa kafin la'asar, kai kuwa fa? Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 wata takwas ya ɗauka. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 kuma aka rufe iyaka, sai Maris 2024 aka buɗe. Wanda ba shi da ɗakin kansa a cikin gari a irin wannan lokaci ya ga ta kansa. Zama a gidan dangi ko abokin mahaifi yana da daɗi wata biyun farko, daga nan ka zama ɗan aike. Ɗaki mai banɗaki a ciki kai kaɗai, wanda dillalai ke kira selkon, na 'ya'yan masu hali ne, kuma idan zazzaɓi ya kwantar da kai ba mai miƙo maka ko ruwa. Gidan yawa kuwa, araha ba ta ado: layin banɗaki da asuba, rediyon maƙwabci, da rigimar wa zai share tsakar gida.

Abin da nake ba kowa shawara a kai shi ne fulat mai ɗaki biyu da falo, ku uku ko huɗu, kuma lallai ɗaya daga cikinku ya zama ɗan gari. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi fenti da tayil da komai muhimmanci. Masu gidaje da yawa a Kaduna ba sa son ba gwauro haya, balle gwauraye huɗu, balle kuma a ce daga wata ƙasa suka zo. Za a nemi wanda zai tsaya muku. Ɗan garin da mahaifinsa ko kawunsa zai iya zuwa ya gaisa da mai gida ya warware muku wannan cikin zama ɗaya. Shi ya san mai unguwa, shi ya san kuɗin Keke Napep na gaskiya daga Unguwar Rimi zuwa Kasuwar Gumi, kuma kafin ka kammala takardun zama ka samu lambar shaidar zama ta NIN da lambar banki ta BVN ka buɗe asusu, ta hannunsa kuɗin da aka canzo maka daga sefa za su riƙa shigowa. Da ɗan gari akan ci gari, ba ƙarya aka yi ba. Ga 'yan mata abin ya ma fi tsanani, gidan da matar aure ko wata hajiya ke zaune a harabarsa ya fi musu kwanciyar hankali, su da iyayensu.

Me ya sa uku ko huɗu, ba biyu ba? Haya a nan ta shekara ake biya gaba ɗaya, ba wata-wata kamar yadda da yawanmu muka saba a gida ba. Ga la'adar dillali, wadda yawanci kashi 10 cikin 100 ce, ga kuɗin yarjejeniya, ga kuɗin ajiya na abin da za a lalata. Idan ku biyu ne ɗaya ya janye, ka shiga uku. Idan kun haura huɗu kuma, fulat ya koma gidan yawa mai tsada. Daɗin haɗakar a tukunya yake: buhun shinkafa ɗaya, tukunyar gas ɗaya, mai girki yau ba shi ne mai wanke-wanke ba. Da azumi ne za ka san darajarsa, ranar da ka dawo daga lakca a gajiye ka tarar wani ya dama kunu. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, gaskiya. Mu da wani ɗan Kamaru mun kusa raba gari a kan yaji a miya. Amma mun sayi littafi ɗaya muka rataye a kicin, duk wanda ya kashe ko naira ɗari ta gida sai ya rubuta, ƙarshen wata a yi lissafi. Wannan littafin ya kashe rigima fiye da kowace nasiha.

Batun unguwa ba na dogon bayani ba ne: ka bi makarantarka. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, gida mai araha a nesa ya daina zama mai araha. Ɗan KASU, jami'ar jihar Kaduna wadda ke kan titin Tafawa Balewa, ya duba Unguwar Rimi, Kabala Costain ko Malali idan aljihu ya yarda. Ɗan Kadpoly, wato kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, ya duba Tudun Wada, Badiko ko Unguwar Sanusi, ga kasuwar Panteka kusa inda zai samu gado da teburin karatu. Rigasa da sauƙin kuɗi, amma kuɗin mota zai cinye ribar. Gidan da ke gangaren kogin Kaduna kuwa, ka dubi jikin bango daga ƙasa, idan ka ga zanen da ruwa ya bari ko fenti sabo iya gwiwa, ka yi sallama. Dillali da rani yake nuna irin waɗannan gidaje.

Sai wuta. Kada ka kama fulat da ba shi da mita mai kati tasa shi kaɗai. Gidana na biyu mita ɗaya muke da wata maƙwabciya, ana raba kuɗi daidai wa daida, ashe firiza biyu gare ta tana sayar da ƙanƙara. Mu da fanka da cajin waya muka yi wata biyar muna ɗaukar nauyin sana'arta. Ka tambayi kuma layin wane rukuni ne, domin a Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin 'yan Band A zuwa naira 225 kowane yunit, su ne aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. Ka sa a danna mitar a gabanka, wani lokaci akwai tsohon bashi a kanta da ake cira duk sanda aka sa kati. Ruwa ma ka buɗe famfo da hannunka, ka tambayi maƙwabta ko bohol ɗin na kai wa watan Afrilu, in ba haka ba kai da 'yan garuwa ne.

Yanzu ga abin da ya sa ni rubutun nan tun farko. Shekarata ta farko wani da ya girme mu a makaranta, ɗan ƙasarmu, mai fara'a, mai yawan "ƙanena, ƙanena", ya ce akwai gurbi a fulat ɗinsu, in kawo rabona na shekara. Na ba shi a hannu, ba rasit, ba shaida, don kunya ta hana ni tambaya. Bayan wata huɗu sai ga wani dattijo ya yi sallama. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Yaro, kai kuma wane ne? Hayar gidan nan ta ƙare tun watan jiya." Mutumin nawa ya gama karatu ya tsallake iyaka, layinsa a kashe. Kuɗin da mahaifiyata ta sayar da tumaki ta haɗa ke nan. Dattijon ya yi mini adalci ya ba ni sati biyu, amma ba shi da laifi, bai taɓa ganin sisina ba.

Saboda haka, ko wa ya kawo ka, ko ɗan unguwarku ne a gida, ka ce sai ka ga mai gidan ido da ido. Ka ga rasit na ƙarshe da ranar da haya za ta ƙare. Kuɗi ta banki za ka tura, zuwa asusun da sunansa ya yi daidai da na mai gida, ba na dillali ba, ba na mai POS na bakin titi ba. Sunan kowannenku ya shiga takardar yarjejeniya, kowa ya ɗauki hotonta a waya.

'Yan damfarar Facebook da WhatsApp kuma salonsu ɗaya: hoton fulat mai kyalli, farashi ƙasa da na kowa, da "wasu ma na nema, turo rabin kuɗi in riƙe maka". Sun fi son wanda bai shigo ƙasar ba tukuna. Akwai mai karɓar kuɗin ganin gida ya yi ta yawo da kai a rana yana nuna maka gidajen da ya san an riga an kama, gobe ma ka sake biya. Akwai mai makullin gaske, wataƙila maigadi ne ko tsohon ɗan haya, ya buɗe wa mutum uku gida ɗaya ya karɓi kuɗin kowa. Riƙe makulli ba shi ne mallakar gida ba. Maganinsa ka koma unguwar kai kaɗai bayan sallar magariba, ka tsaya wurin mai shayi ko mai kanti, ka tambaya gidan wane ne wancan. Idan sunan da aka faɗa maka ya saɓa da na dillali, ka kama gabanka.

Kafin ku shigar da katifa, ku ɗauki bidiyon kowane ɗaki, fasasshen tayil, ƙofar da ba ta rufuwa, soket ɗin da ya ƙone, ku tura wa mai gida a ranar. Mu da wannan bidiyon muka karɓo kuɗin ajiyarmu lokacin tashi, bayan an so a ɗora mana tagar kicin da muka tarar a fashe.