Galaxy S24 a kasuwar Kano: suna ɗaya, wayoyi daban-daban

Wata takwas ke nan ina riƙe da wayar Samsung Galaxy S24, ƙanina ma yana riƙe da irinta, kuma idan aka ajiye su gefe da gefe a kan tabarma babu wanda zai iya cewa ga tawa ga tasa, domin launinsu ɗaya, girmansu ɗaya, sunan da ke jikin kwalinsu ma ɗaya ne. Amma tawa an ƙera ta ne domin kasuwannin Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya, tasa kuwa an ƙera ta domin wani kamfanin sadarwa na Amurka, kuma wannan bambanci da ido ba ya gani shi ne ya raba jin daɗin da kowannenmu ya samu daga kuɗin da ya kashe.

Abin da suka yi tarayya a kai ba ya buƙatar dogon bayani. Samsung ya fito da wayar a watan Janairun 2024, da fuska mai inci 6.2, da batir mai ƙarfin 4,000mAh, da babbar kyamara mai megafiksel 50, tare da alƙawarin ci gaba da sabunta manhajarta har tsawon shekara 7. Waya ce madaidaiciya da ke zama a tafin hannu ba tare da wahala ba, haskenta yana isa a karanta saƙo a tsakiyar rana, hotonta kuma yana da tsabta. Batirinta dai matsakaici ne, kuma babu kan caja a cikin kwalin, sai igiya kawai.

Ranar da na je saye a kasuwar waya ta Farm Centre, mai shagon ya jera mini guda uku a kan gilashi, ya ɗora yatsa a kan ta tsakiya ya ce, “Malam, wannan ’yar Amurka ce, ita ce mai Snapdragon, kuma ta fi sauran sauƙin kuɗi.” Bai faɗi ƙarya ba, sai dai bai faɗi komai da komai ba. Na roƙe shi ya kunna su, na shiga saitin kowacce na duba wurin da aka rubuta bayanin waya, inda lambar samfuri take. Ta farko SM-S921B, ta biyu SM-S921U, ta uku SM-S921N. Harafin ƙarshen nan shi ne asalin waya. B tana nufin wadda ake sayarwa a yawancin ƙasashen duniya, har da waɗanda ’yan kasuwarmu ke saro wa daga Dubai. U ta kamfanonin sadarwar Amurka ce, U1 ta Amurka ce wadda ba a ɗaure ta da kowane kamfani ba, W ta Kanada, N ta Koriya ta Kudu, wadda kuma ta ƙare da sifili, wato SM-S9210, ta China ce ko Hong Kong ko Taiwan.

Maganar da aka fi yi a bakin shaguna ita ce ta ƙwaƙwalwar waya. A wannan samfurin, Samsung ya sa Snapdragon 8 Gen 3 na kamfanin Qualcomm a wayoyin Amurka da Kanada da China, ya sa nasa Exynos 2400 a yawancin sauran wurare, har da Koriya kanta. Masu sayarwa da masu gyara ba su manta da sunan da Exynos ya yi ba a zamanin wayar Galaxy S22, lokacin da mutane da yawa suka koka da zafi da saurin shan batir, shi ya sa har yau da an ambaci sunan sai ka ga mai saye ya ja da baya. Mun gwada namu biyun cikin zafin watan Afrilu, irin zafin da ke sa ƙarfen mota ya gagari taɓawa. A wajen kira da WhatsApp da tura kuɗi ta manhajar banki da kallon bidiyo, ban ga wani bambancin da zan iya nunawa da yatsa ba. Inda tasa ta yi wa tawa fintinkau shi ne wasannin da ke cin ƙarfi da ɗaukar dogon bidiyo, domin tawa tana riga tasa ɗumi, kuma a ranar da muka yi tafiya zuwa Zariya muna kan data tun safe, tawa ce ta fara neman caji. Bambancin gaskiya ne, amma ƙarami ne, kuma a ganina an ba shi girman da ya wuce ƙima, har ya rufe abin da ya fi shi muhimmanci ga mai zama a ƙasar nan.

Abin da ya fi muhimmancin shi ne wurin sa layi. Tawa tana ɗaukar sim biyu na hannu, ga kuma damar eSIM, wato layin da ake saukarwa cikin waya ba tare da kati ba. Tasa rami ɗaya ne kawai, na biyun sai dai eSIM. Ba’amurke ba zai ga wata matsala a nan ba, domin yawancinsu layi ɗaya suke riƙewa shekara da shekaru. Mu kuwa rayuwarmu a kan layi biyu take: ɗaya na kira da saƙon banki wanda kowa ya san ka da shi, ɗaya na data wanda kake sauyawa gwargwadon inda sabis ya fi ƙarfi ko garaɓasa ta fi tsoka. Gaskiya ne MTN da Airtel suna bayar da eSIM, kuma ƙanina ya je ofis ya bi layi an mayar masa da nasa, amma layin da aka dasa a cikin waya ba a zare shi da allura a jefa a wata ƙaramar waya idan caji ya ƙare ana tsakiyar rashin wuta. Shi kuma ɗan kasuwa ne da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Maraɗi, yana da layin Nijar wanda dole ya sa da zarar ya wuce Jibiya. Na taɓa ganinsa a bakin mota yana lalube aljihu yana neman abin da zai tsokano tiren sim, ya naɗe layin da ya cire a cikin ’yar takarda ya tura a bayan rigar waya don kada ya ɓace. Wannan wahalar da yake sha kowane mako ta rinjayi ’yan mintocin batir da ya fi ni nesa ba kusa ba.

Sai kuma maganar kulle, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali game da masu harafin U. A Amurka mutane da yawa suna karɓar waya daga kamfanin sadarwa ne su riƙa biya kaɗan-kaɗan, kamfanin kuma yana ɗaure wayar da layinsa har sai an cika sharuɗɗansa. Wasu daga cikin waɗanda ke shigowa kasuwanninmu an buɗe su ta hanyar da ta dace, wasu kuwa ta bayan fage aka buɗe su, kuma irin waɗannan na iya komawa su kulle idan aka goge wayar ko aka sabunta manhajarta. Wani maƙwabcina ya sayi irinta a hannun wani mai talla a intanet, ta yi masa aiki mako uku, ya goge ta don ya ba matarsa, daga nan ta ƙi karɓar kowane layi, mai tallan kuma lambarsa ta daina shiga. Ko wadda aka buɗe da kyau ma tana zuwa da tarkacen manhajojin kamfanin da ya sayar da ita, tana nuna tambarinsa idan an kunna ta, kuma sabuntawar manhaja kan biyo ta hannun wannan kamfani, don haka takan yi jinkiri ga wanda ke wajen Amurka. Alƙawarin shekara 7 ba shi da amfani ga wayar da sabuntawar ba ta isowa gare ta a kan kari.

Ta Koriya ban daɗe a kanta ba: rami ɗaya ce ita ma, kuma ƙarar ɗaukar hoto ba ta kashuwa ko an sa wayar a shiru, kamar yadda ake yi wa wayoyin Koriya da Japan don hana ɗaukar mutane hoto a ɓoye. Ta Hong Kong ita ce masu sanin waya ke nema, domin ta haɗa Snapdragon da ramin sim biyu da manhajojin Google, sai dai lambarta ɗaya da ta babban yankin China, wadda ba ta zuwa da Play Store a shirye. Ana rarrabe su ne da lambar yankin da ke cikin bayanin manhaja, TGY ta Hong Kong, CHC ta China. Masu sha’awar iPhone ma ba su tsira ba, domin tun daga iPhone 14 a 2022 waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da ramin sim ko ɗaya.

Garanti ma yana bin yanki ne. Wayar da aka sayar domin wata nahiya ba lallai ne cibiyar gyara ta nan ta karɓe ta kyauta ba, saboda haka garantin mai ’yar Amurka shi ne amanar mai shagon da rasit ɗin da ya rubuta masa. Kafin in biya, na danna *#06# na gwada lambar IMEI da ta fito, wato lambar shaidar wayar, da wadda ke jikin kwali, na sa layukana biyu na kira gida da kowanne, na kunna data na ga sabis ya hau, sannan na nemi mai shagon ya goge wayar a gabana mu sake tayar da ita daga farko. Bai ɓata rai ba, ya ma ce, “Malam, da kowa zai yi haka da mun huta da rigima.”

Na ƙara kuɗi na ɗauki mai harafin B, kuma da za a mayar da ni gaban gilashin nan yau ita zan sake ɗauka, sai fa idan an ajiye mini ta Hong Kong wadda na tabbatar da lambar yankinta. Ƙanina bai rabu da tasa ba, yana yaba saurinta kuma yana da gaskiya, amma a watan jiya ya sayi ƙaramar waya mai madannai ta musamman domin layinsa na Nijar.